Filin Amsa Tambayoyinku: Ganyaye da Mayuka a Kan Fatar Mai Gashin Ciwon Daji

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan abu guda, wato abin da ya dace a shafa wa fatar wanda ake yi wa gashin ciwon daji da abin da bai dace ba. Mun taƙaita wasu daga cikinsu, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka nema.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata ce aka cire wa mama saboda sankara, ta kammala kemo, wato maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya, yanzu kuma an ba mu ranar fara gashi a Sakkwato. Tun da labarin ya bazu gidanmu ya cika da shawarwari. Gwaggona ta ce a yanko alobera a riƙa shafa ruwanta safe da yamma, wata maƙwabciya ta kawo man kaɗanya cike da kwano, mai shagon magungunan Musulunci kuma ya haɗa mana man zaitun da man habbatussauda, ya ce idan aka fara tun yanzu wutar ba za ta ci fatar ba. Wanne za mu ɗauka?

Daga wata 'yarta a Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alherin ɗawainiyar da kike yi.

Bari in fara da kalmar da mai shagon ya furta, wato wuta, domin daga nan yawancin kuskuren ke tasowa. Mu ne muka raɗa wa wannan magani suna gashi, kuma duk Bahaushen da ya ji gashi sai zuciyarsa ta kai shi ga tukuba da garwashi, shi ya sa dangi kan yi tanadin irin abin da ake sa wa ƙuna domin ya sanyaya. Alhali kuwa na'urar ba zafi take fitarwa ba, Hajiya za ta kwanta 'yan mintuna ta tashi ba ta ji komai ba. Abin da ke fitowa daga cikinta haske ne da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, aikinsa kuwa shi ne lalata ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa. Ƙwayoyin daji suna cikin wannan rukuni, sai dai su ma ƙwayoyin da ke ƙarƙashin saman fata, waɗanda kullum ke haifar da sabuwa domin maye gurbin wadda ke kakkaɓewa, suna ciki. Fatar mutum kan sabunta kanta cikin kamar mako huɗu. Idan gashi ya rage masu haifar sabuwa, tsohuwar tana ci gaba da zubewa yadda ta saba, ya zama rumbu ne ake ɗiba kullum ba a zubawa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ganin komai a makon farko, sai a na biyu ko na uku wurin ya fara sauyawa, kuma abin ya fi tsanani mako ɗaya zuwa biyu bayan zaman ƙarshe, lokacin da iyali suka ɗauka an gama. Ki riƙe wannan, kada hankalinku ya tashi idan kun gani.

Daga nan za ki fahimci cewa babu man da zai tare hasken, domin hasken da ke ratsa tsoka har cikin ƙirji ba zai tsaya saboda an shafa mai ba. Da a ce akwai irin wannan man, da likitoci ne za su fara hana shi, tunda zai hana magani isa ga ciwon. Abin da shafe-shafe zai iya yi bai wuce huɗu ba: ya riƙe danshin fata, ya rage gugar tufafi, ya kwantar da kumburi, ya kuma nisanta ƙwayoyin cuta daga wurin. Da wannan ma'auni za mu auna kayan da aka kawo muku.

Alobera, wadda kakanninmu ke kiran danginta na daji kabar giwa ko zabuwa, ita ce ta fi suna a wannan fage, kuma sunan nata ba na jiya ba ne. Tun a 1935 wasu likitoci a Amurka suka ba da rahoton warkewar wata mata da hasken asibiti ya lalata wa fata bayan an ɗora mata ɗanyen ganyen. Labarin mutum ɗaya ne, amma ya yi shekara sittin yana yawo kafin a gwada shi yadda ya kamata. A 1996 aka raba mata 194 masu sankarar mama gida biyu a Amurka, aka ba wasu ruwan alobera, wasu kuma wani ruwa mai kama da shi wanda babu komai a cikinsa, ba tare da mara lafiya ko likita ya san wanda aka ba wa ba. Da aka kammala, fatar waɗannan daidai take da ta waɗancan. An sake gwadawa a Ostareliya a 2002 da mutum 225, sai ya kasance man shafawa na kanti marar ƙamshi ya fi alobera rage bushewa da raɗaɗi. Kanada ma ta gwada a 2015 da mutum 248, ba a ga amfanin da ake fata ba. Ni dai ban ga laifin Gwaggo ba, domin alobera tana da sanyi a jiki, kuma wanda ya ɗauka ƙuna ce dole sanyi zai nema. Amma ruwan nata yana bushewa ne ya bar fata a ɗaure, ga kuma wani ruwa rawaya mai ɗaci a ƙarƙashin ɓawon ganyen wanda kan sa ƙaiƙayi. Ku bar ta a tukunyarta.

Man zaitun kuwa labarinsa dabam ne, kuma na san zai yi wa masu karatu da yawa daɗi. A 2023 wata ƙungiyar ƙwararru ta duniya mai suna MASCC, wadda ta duƙufa a kan rage wahalhalun da jinyar daji ke jawowa, ta tara masana 42 suka tace duk abin da aka taɓa gwadawa a kan wannan matsala. Abubuwa shida kacal suka amince a ba da shawarar amfani da su domin rigakafi, kuma a cikin dukkan abin da ake samu daga tsirrai man zaitun kaɗai ya shiga jerin. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka dogara da su an yi shi ne a Sin, a kan mutum 94 masu dajin bayan hanci, inda waɗanda suka riƙa shafa shi suka fi samun sauƙi. Hujjar ba ta kai ta magungunan asibiti ƙarfi ba, ba kuma zai hana fata yin duhu gaba ɗaya ba, amma yana da araha, kuma da wuya ya cutar. Sharaɗina a nan shi ne ya kasance zaitun tsantsa a cikin kwalbarsa da aka rufe daga kamfani, ba wanda aka ɗura a wata roba aka gauraya da wasu abubuwa ba.

Wannan ya kawo ni ga haɗin da mai shago ya yi muku. Ba na jayayya da falalar da aka ruwaito game da habbatussauda, magana a nan ita ce yadda ake sarrafa ta da wurin da za a sa ta. An yi wani ƙaramin gwaji a Iran a 2019, na mata sittin da 'yan kai, aka ga alamar tana jinkirta saɓulewar fata. Sai dai abin da suka shafa haɗi ne da masana magunguna suka auna, kashi 5 cikin 100 kawai na abin da aka tato daga ƙwayar, ba ɗanyen man da ake sayarwa a kwalba ba. Shi ɗanyen man yana da kaifi, kuma likitocin fata a Faransa sun wallafa labarin matan da ya sa fatarsu ta yi bororo ta saɓule har aka kwantar da su a asibiti, alhali fatarsu lafiyayya ce tun farko. Idan haka ta faru ga Hajiya a tsakiyar gashi, babu wanda zai iya bambance aikin man da aikin na'ura, kuma ƙila a dakatar da magani a banza.

Man kaɗanya ba ya cikin jerin shidan nan, amma mai ne mai kyau wajen riƙe danshi, musamman a lokacin hunturu. Damuwata da shi ba ta wuce kwanon da aka kawo shi ba. A 2023 likitoci a birnin New York suka nuna cewa wata ƙwayar cuta da ke zama a hanci da fatar mutane da yawa tana da hannu wajen tsananta wannan matsala. Sun raba marasa lafiya 77 gida biyu, suka ba rabi maganin kashe ƙwayar a hanci da sabulun asibiti na wanke jiki, sai ya zama babu ko ɗaya a cikinsu da fatarsa ta saɓule ta yi ruwa, alhali kusan ɗaya cikin huɗu na sauran ta same su. To, ki duba kwanon da ke buɗe a tsakar ɗaki, yara da manya kowa na tsoma yatsa. Idan Hajiya ta saba da man kaɗanya kuma likitanta bai hana ba, a ɗibar mata nata ita kaɗai a mazubi mai murfi, a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta, a kuma daina da zarar fatar ta fashe.

Abin da ya fi duk waɗannan ƙarfin hujja kuwa a hannun likitanta yake. Akwai mayukan kwantar da kumburi guda biyu, mometasone da betamethasone, waɗanda ke cikin jerin da na ambata. A wani gwaji da aka yi a Amurka a 2018 a kan matan da aka cire wa mama kamar Hajiya, na farkon ya rage yawan masu saɓulewar fata daga kamar kashi 67 cikin 100 zuwa kashi 44. Akwai kuma wata siririyar leda ta asibiti mai suna Mepitel da ake mannawa a wurin tun ranar farko, tana hana guga, sai dai tana da tsada kuma ba ko'ina ake samun ta ba. Ki tambayi likita a kan waɗannan tun kafin a fara. Kada kuma wani ya ruɗe ku da tuf-tuf ɗin da ake sayarwa a kasuwa domin hasken fata, wai ai su ma akwai irin wannan sinadari a ciki. Akwai shi, amma tare da wasu abubuwan da ke sirantar da fata su kuma ɓata ta.

Duk man da aka amince da shi, a shafa shi kaɗan yadda zai nutse. Wani bincike na 2018 ya nuna cewa shafawa sama-sama ba ta ƙara yawan hasken da fata ke sha, amma laɓtawa mai kauri tana ƙarawa, saboda haka kada a laɓta gab da shiga ɗakin na'ura. Za kuma a yi wa Hajiya zane ko ɗigo a ƙirji, da su ake daidaita ta kullum, mai kuma yana goge zane, don haka a kewaye su. Sannan ki sa ido da kanki, domin littattafan likitanci sun siffanta matakin farko da jan fata, wanda a jikin baƙar fata da wuya a gan shi. A wurinmu duhu ne yake ƙaruwa, wurin ya yi ɗumi da sheƙi, ya fara ƙaiƙayi. Ki duba hammata da kan tabon aiki da gindin wuya, idan kin ga sauyi ki faɗa wa ma'aikatan, ko da su ba su lura ba. Ranar farko kuma ki tafi da duk kwalaben nan a jaka, ki zube su gaban likita.

TAMBAYA TA BIYU

Likita, barka da aiki. Ni magidanci ne mai shekara 58, ana yi mini gashin maƙogwaro a Yamai. An rubuta mini zama 35, na yi 24. Wuyana ya yi baƙi ƙirin, yanzu kuma fatar ta fara saluɓewa tana fitar da ruwa. Wana ya ce in koma gida in huta mako biyu, a riƙa sa mini zuma ana barbaɗa garin bagaruwa, idan ya bushe in dawo in ƙarasa. Ya kake gani?

Daga wani bawan Allah, mutumin Damagaram

AMSA

Malam, sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Zan fara da maganar komawa gida, domin ta fi maganar zuma nauyi. Don Allah kada ka tafi. Dajin maƙogwaro yana cikin waɗanda ba sa jira, kuma an daɗe da tabbatar da cewa bayan makonnin farko na gashi ƙwayoyin da suka rage sukan ƙara saurin hayayyafa, ta yadda kowace ranar da aka tsallake tana rage damar warkewa. Fatar wuyanka za ta warke da yardar Allah, galibi cikin wata guda ko ya ɗan ɗara bayan an kammala, amma abin da ciwon zai mayar cikin mako biyun nan ba lallai a iya ƙwato shi ba. Kafin 2021, lokacin da aka buɗe sashen gashi na farko a Nijar da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, sai mutum ya ƙetare iyaka kafin ya sami abin da kake samu yanzu. Zama 11 suka rage maka. Idan har dakatawa ta zama dole, likitanka ne zai yanke, shi ne kuma ya san yadda zai cike gurbin.

Abin da ya same ka sananne ne ga masu gashin wuya, domin adadin hasken da ake ba su ya fi na masu sankarar mama yawa, fatar wurin siririya ce, tana da lanƙwasa, ga kuma wuyan riga yana gugar ta daga safe har dare. Amma tunda ta fashe, hukuncinta ya sauya. Duk maganar mayukan rigakafi ta ƙare a wannan wuri, yanzu rauni ne a buɗe, kuma yadda ake kula da rauni za a kula da shi. Ka nuna wa ma'aikatan jinya gobe kafin ka hau na'ura. Za su wanke da ruwan gishiri na asibiti su rufe da abin da ba ya mannewa a jiki, kuma akwai wani mai taushi kamar soso, Mepilex Lite, wanda ƙwararru suka fi ba da shawara a wannan mataki idan ana samun sa.

Game da bagaruwa, ka tuna aikin da majema ke yi da ita. Da ita ake jeme fatar akuya ta ƙanƙance ta yi tauri, kuma abin da zai yi wa wuyanka ke nan. Wan naka yana son wurin ya bushe, alhali sabuwar fata a cikin danshi mai tsabta take tsirowa, tana rarrafowa daga gefen rauni zuwa tsakiya. Gari kuwa, ko na bagaruwa ne ko na wani sassaƙe, yana haɗuwa da ruwan ya zama ɓawo, ƙwayoyin cuta su ɓuya a ƙarƙashinsa, ranar da aka zo ɓamɓarewa kuma ya taho da sabuwar fatar. Zuma tana da asali a maganin rauni, har asibitocin Turai suna amfani da ita, amma tasu an tace ta an kuma kashe ƙwayoyin da ke cikinta. Abin mamaki ma shi ne da irin hasken da ake yi maka magani ake tsabtace ta. Ta bakin hanya ba ka san abin da aka zuba mata ba, ga ƙuda ga kiyashi. Idan kana son ka sha domin ciwon haɗiya, ka tambayi likita, musamman idan kana da ciwon sukari.

Ka ajiye kaftani mai tsayayyen wuya da rawani zuwa wani lokaci, ka sa riga mai taushi ta auduga mai buɗaɗɗen wuya. Kada reza ta taɓa wurin, kada turare ko man zafi, kada kuma rana ta buge shi. Idan kana shan taba, wannan ne lokacin bari, domin tana jinkirta warkewar fata tana kuma rage aikin gashin kansa. Alwala ba ta da matsala a inda fata ba ta fashe ba, sai dai ka dangwala tawul maimakon gogewa, inda aka ɗaure kuma malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri. Idan ka ji zazzaɓi, ko ka ga mugunya, ko wurin ya fara wari, kada ka jira ranar ganin likita.

TAMBAYA TA UKU

Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce a sashen harhaɗa magunguna. Na karanta cewa man furen kalandula da kurkum suna hana lalacewar fata a lokacin gashi. Shin za a iya haɗa su a gida daga furen nan rawaya da ake shukawa a shataletale da harabar makarantu?

Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA

'Yata, tambayarki ta yi kyau, kuma amsarta darasi ne a kan yadda ake karanta bincike. Labarin kalandula ya samo asali ne daga birnin Liyon na Faransa a 2004, inda aka gwada manta a kan mata 254. Kashi 41 cikin 100 na masu shafa shi ne fatarsu ta yi tsanani, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 63. Wannan shi ne adadin da za ki gani ana ta maimaitawa a intanet. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne da me aka gwada shi. An gwada shi ne da wani man kanti mai suna Biafine, wanda shi kansa wasu gwaje-gwajen ba su nuna yana hana komai ba, kuma matan sun san abin da suke shafawa domin kamannin mayukan biyu ba ɗaya ba ne. Da aka sake gwadawa a Suwidin a 2013 a kan mata 420, aka ɓoye wa kowa abin da ke cikin mazubi, sai kalandula ta zo kunnen doki da man shafawa na yau da kullum.

Kurkum ma haka ta faru da shi. A 2013 wasu masana a Amurka suka ba mata 30 sinadarinsa su sha, sakamakon ya yi kyau har jaridu suka ɗauka. Su dai waɗannan masana suka maimaita da mata 686, amfanin ya ɓace. Sun kuma gwada shi a matsayin abin shafawa a kan mata kusan 190, nan ma ba a ga bambanci a jimlace ba. Ba ƙarya aka yi a gwajin farko ba, mutum talatin ne kawai ba su isa a yanke hukunci da su ba, kamar wanda ya ɗanɗana mangwaro uku ya sayi buhu. Ga shi kuma kurkum yana rina fata rawaya, ya rufe wa likita abin da yake son gani.

Furen shataletale kuwa ba kalandula ba ne. Sunansu na Turanci ne ya yi kama har ake rikita su, amma tsirrai ne dabam, kuma ruwan ganyen namu yana sa wasu ƙaiƙayi da borin fata. Dukkansu, har da babunaj da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, dangi ɗaya ne da aka sani da tayar da borin jiki ga wasu mutane. Saboda haka kada ki haɗa wa kowa. Idan kina neman abin da za ki yi bincike a kansa nan gaba, ga man kaɗanya nan a ƙofar gidanku, matanmu suna shafa shi ko an ce su shafa ko ba a ce ba. A tace shi, a auna shi, a gwada shi a kan isassun mutane, da ma'aunin da ya san yadda baƙar fata ke sauyawa.

TAMBAYA TA HUƊU

Salamu alaikum. Na gama gashin mama mako uku da suka wuce a Kumasi. Duk tsawon lokacin 'yan'uwa sun hana ni sa ruwa a wurin. Yanzu ya yi baƙi sosai, ga bikin 'yata saura wata guda. Zan iya yin dilka da halawa da lalle, kuma akwai abin da zan shafa launin ya dawo?

Daga wata uwa a Zango

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Barka da kammalawa, Allah ya sanya alheri a auren. Hana wanka da aka yi miki tsohuwar al'ada ce wadda asibitoci da kansu suka taɓa bi, sai dai an bar ta. A 2001 an gwada a Kanada da mata 99, sai aka ga fatar kashi 33 cikin 100 na waɗanda aka hana wanka ta saɓule ta yi ruwa, a masu wanka kuwa kashi 14 ne kawai. Ki yi wankanki yau da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu ba da soso ba. Ki bar sabulun salo tukuna, domin tokar da ke cikinsa tana da kaifi ga sabuwar fata.

Dilka gurza ce, halawa fizga ce, turaren tsuguno kuma zafi ne da hayaƙi, kuma fatar da ke wurin yanzu ba ta fi ta jariri ƙwari ba. A yi miki a ƙafafu da ɗaya hannun idan kina so, amma a ƙetare ƙirji da hammata da kuma hannun ɓangaren da aka yi aiki, musamman idan an cire miki kaluluwar hammata, domin ƙaramin rauni a wannan hannu kan jawo kumburin da ke wuyar sauka. Jan lalle na gargajiya a tafin ƙafa da ɗaya hannun ba shi da laifi. Wanda nake hana ki shi ne baƙin da ake haɗawa da dayis, saboda sinadarin rinin gashin kai da ke cikinsa yana sa wasu bororo.

Duhun kuwa zai riƙa washewa da kansa cikin watanni, ko da yake a wurin wasu ɗan saura kan zauna. Kada ki kai masa man bilicin ko lemun tsami ko wani haɗin kurkum da madara, domin duk abin da ya fusata wurin ƙara masa baƙi zai yi. Gashi yana rage aikin ƙofofin gumi da na maiƙo a inda ya taɓa, saboda haka wurin zai riƙa bushewa fiye da sauran jikinki, ƙila na tsawon shekaru, kuma rana za ta fi saurin cin sa. Ki riƙa shafa man zaitun ko man kaɗanya mai tsabta sau biyu a rana tunda fatar ta rufe, ki kuma gaya wa telanki ya sa wa rigar anko shafi na auduga daga ciki, domin leshi da duwatsun da ake jerawa a wuyan riga suna kartar fata.